Duhun Barbushe da Wutar Tsangaya

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake zama a tebur kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi cikin labarin ƙage. Akwai limami mayaƙi a cikin jaruman, kuma cikin addu'o'in farko da yake samu akwai ta kunna haske a ramukan ƙarƙashin ƙasa ba fitila. In ya ƙara daraja, ya samu hasken da ba ya mutuwa. Limamin mugunta kuwa juya addu'ar yake yi ta koma duhu.

Wanda ya san tarihin ƙasar Kano ba zai ga wannan baƙon abu ba, don ƙarnoni kafin wasan, da haske da duhu ake auna ƙarfin mai tsafi da na malami a nan.

Kundin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara daga Larabci a 1908, ya ce Barbushe mai tsafi na zaune bisa Dala, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Mutane su taru da almuru, wannan da baƙin kare, wancan da baƙar kaza ko baƙin bunsuru. Sai dare ya yi yake shiga wurin Tsumburbura, bishiyar da aka kewaye da katanga, shi kaɗai, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Duk ikonsa a kan abin da ba a gani ya tsaya. Shi ya sa da Sarki Tsamiya (1307–1343) ya fasa katangar, asirin ya tafi da ita.

Rano, Autan Bawo cikin Hausa Bakwai, ta shigo labarin a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). Kundin ya ce Yaji ya kori Sarkin Rano daga Zamna Gaba, ya taho ƙasar Rano, ya yi shekara biyu a Bunu. A mulkinsa ne Wangarawa suka iso daga Mali da Abdurrahman Zaite a gaba, aka gina masallaci. Masu tsafi suka riƙa zuwa cikin dare suna ƙazantar da shi, aka sa gadi bai hana ba. Da malaman suka duƙufa da addu'a, in ji kundin, shugaban masu tsafin ya makance, haka duk wanda ya sa hannu. A ganina nan ne marubucin ya zuba hikimarsa: mutanen da suka dogara da dare, dare aka bar musu har abada.

Duhun bai ƙare ba. Har yau a kudancin Kano, inda Maguzawa suka daɗe da tsohon addininsu, ana zancen baduhu da layar zana a bakin mafarauta da 'yan tauri, magungunan da aka ce suna rufe idon abokin gaba. Neman ɓuya ake yi da su, ba neman a gani ba.

Hasken malami kuwa ba ya buƙatar wata addu'a ta musamman, ƙafa da gatari yake so. A ƙauyukan Rano da Kibiya, waɗanda tun 2024 suke masarauta ɗaya tare da Bunkure, almajirai kan fita da la'asar neman kara da kirare. Bayan magariba a hura wuta tsakiyar tsangaya, a zagaye ta, kowa ya karkata allonsa wajen harshenta, gardi na bi da bulala. Da asuba a sake hurawa, musamman da hunturu, lokacin da wutar ke maganin sanyi kuma. Hayaƙi ya ci idon da yawa, wannan gaskiya ne, kuma abin tausayi ne. Amma a gefen wannan wutar aka yi alarammomin da suka rubuta Alƙur'ani da ka, izu sittin cif, tun kafin fitilar kananzir ta iso kasuwar Rano.