Tufar 'Yan Tawaye a Bayan Sarki: Tarihin Kilti da Hafsan Sarkin Ingila

A cikin watan Satumba, 2022, sa'ad da a ke makokin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, da kuma ran 6 ga watan Mayu, 2023, sa'ad da aka naɗa ɗanta Sarki Charles na Uku a birnin Landan, masu kallon hotuna ko'ina cikin duniya sun lura da wani hafsan soja wanda ba ya yin nisa da Sarki. In Sarki ya tsaya yana tsaye a bayansa, in ya motsa yana biye. Sunansa Jonathan Thompson, daga Rundunar Sikotland ta Sarki ya fito. Yana Manjo a kwanakin makoki, daga baya ya zama Laftanan-Kanar. Abin da ya ja idon jama'a gare shi, ban da natsuwarsa da kyan tsayuwarsa, shi ne tufarsa. Ba shi da wando, sai wani zanen ulu mai gida-gida wanda ya tsaya a gwiwa, da burgami rataye a gaba, da dogayen safa. Wannan zane shi a ke kira kilti. Jaridun Ingila suka yi ta yabon hafsan da tufar tasa.

To, yabon ya dace, amma akwai abin mamaki a ƙarƙashinsa. A shekara ta 1747, in aka kama mutumin Sikotland wanda ba soja ba sanye da wannan zane, ɗaurin wata shida za a yi masa, da sunan Sarki George na Biyu, kakan kakannin Sarkin yanzu. Abin da mu ke nufi a wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda tufar da Sarki ya haramta ta zo ta tsaya a bayan Sarki.

Aikin hafsan Sarki

Muƙamin wannan hafsa da Ingilishi shi ne ikwari. Asalin kalmar daga Faransanci ta ke, ma'anarta bargar dawaki, domin a zamanin da ikwari shi ne mai kula da dawakin Sarki, kusan yadda Shamaki ya ke a fadar Kano. Da zamani ya juya, mota ta karɓi aikin doki, sai kula da barga ya koma hannun ikwari guda, sauran kuwa suka zama masu hidimar Sarki a jikinsa. A kan zaɓo su daga hafsoshin ƙasa, ko na ruwa, ko na sama, su yi 'yan shekaru a fada, sa'an nan su koma rundunarsu. Alamar muƙamin ita ce igiyoyin zinariya kitsattsu a kafaɗar dama.

Aikin ba na faɗa ba ne, gama masu tsaron ran Sarki daban su ke. Shi ikwari ya san shirin kowace rana, ya san wanda zai shiga gaban Sarki da lokacinsa, ya tarye baƙo, ya gabatar da shi, ya kuma raka shi in an gama. Ya kan riga Sarki zuwa wurin biki, ya duba ƙofa da mazauni. Gwanintar aikin duka ita ce a gan shi, kada a ji shi. Da ya ke ko wane hafsa tufar rundunarsa ya ke sawa, in aka ɗauko shi daga sojan Sikotland, da kiltinsa zai zo.

Asalin tufar

Sikotland tana arewa da Ingila, kashi biyu ce. Kudu da gabas akwai ƙasar kwari, mai birane da noma da ciniki. Arewa da yamma kuwa ƙasar tuddai ce, mai duwatsu da tafkuna da ruwan sama, inda a da mutane ke magana da harshen Gelik, suna zaune dangi dangi, ko wane dangi da shugabansa. Kilti na mutanen tuddai ne kaɗai. Mutanen kwari wando su ke sawa kamar Ingilishi, suna kuwa duban maƙwabtan nan nasu a kan ɓarayin shanu ne, marasa wayewa.

Tun ƙarni na 16 an san mutumin tudu da wani babban mayafin ulu, tsawonsa kamar yadi huɗu ko biyar. Ya kan tattara shi, ya ɗaure da ɗamara a gindi, rabi ya sauka zuwa gwiwa, rabi ya yafa a kafaɗa. Da rana riga ce, da dare bargo. Tufa ce ta makiyayi mai ratsa fadama da rafi, wanda wando zai jiƙe masa ya ƙi bushewa. A farkon ƙarni na 18 aka fara raba mayafin biyu, a ɗinke tattarar ɓangaren ƙasa, ya zama tufa mai zaman kanta. Waɗansu sun ce wani Ba'ingilishe mai masana'antar ƙarfe, Thomas Rawlinson, shi ya ƙago haka domin ma'aikatansa, amma masana da yawa na Sikotland ba su yarda ba. Da ya ke kilti ba shi da aljihu, sai a ke rataya burgamin fata a gaba, a kan kuma soka 'yar wuƙa a bakin safa.

Tawaye da hani

A shekara ta 1688 aka kori Sarki James, na gidan Stuart, daga gadon sarauta. A 1707 aka haɗa majalisar Ingila da ta Sikotland, ƙasa ta zama guda. Amma da yawa cikin dangogin tuddai zuciyarsu tana wurin gidan Stuart. A cikin watan Yuli, 1745, jikan James, Yarima Charles Edward Stuart, ya sauka a yammacin Sikotland. Dangogi suka taru gare shi, ya ci Edinbara, ya kutsa cikin Ingila har garin Derby a watan Disamba, sa'an nan ya juya. Ran 16 ga watan Afril, 1746, ɗan Sarki George, wato Duke na Cumberland, ya gamu da shi a filin Culloden kusa da Inverness. Kafin awa guda an karya rundunar Yarima, aka kashe fiye da mutum dubu, aka bi sauran da kisa da ƙone-ƙone har gidajensu. Ya kamata a sani cewa ba dukan mutanen tuddai ne suka yi tawaye ba, gama dangin Campbell da waɗansu a gefen Sarki suka tsaya.

Majalisa ta ƙudura cewa ba za a sake irin wannan ba. Aka ƙwace makamai, aka karɓe ikon shari'a daga hannun shugabannin dangi. Dokar tufafi ta 1746, wadda ta fara aiki ran 1 ga watan Agusta, 1747, ta hana maza da yara maza na Sikotland sa kilti da sauran kayan tuddai. Laifin fari ɗaurin wata shida, na biyu kuwa a kai mutum ƙasashen hayin teku shekara bakwai. Dokar ba ta bambanta dangin da ya yi tawaye da wanda ya yi biyayya ba. Ƙofa guda kaɗai ta bari a buɗe: hafsoshi da sojan Sarki an yardar musu.

Ƙofar soja

Ta wannan ƙofa ce kilti ya tsira. Tun 1725 Janar Wade ya kafa waɗansu ƙungiyoyin mutanen tuddai domin su tsare ƙasar a madadin Sarki. A 1739 aka haɗa su suka zama runduna, ita ce a ke kira Black Watch, mai zane shuɗi da kore da baƙi. Da yaƙin shekara bakwai ya tashi tsakanin Ingila da Faransa a 1756, gwamnati ta ga cewa waɗannan mazaje da su ka razana Landan sun fi amfani a bakin dāgar Kanada da a ce suna zaune gida suna ƙullin zuciya. Sai aka shiga ɗibarsu.

Labarin gidan Fraser ya isa misali. A cikin watan Afril, 1747, aka fille kan Lord Lovat, shugaban dangin, a Landan saboda hannunsa cikin tawaye. Bayan shekara goma, a 1757, ɗansa Simon Fraser ya tara wa Sarki George runduna daga mutanen ubansa. Rundunar nan tana cikin waɗanda su ka ci Quebec a 1759. A 1774 aka mayar wa Simon da ƙasar ubansa. Ka ga ke nan cinikin da aka ƙulla: saurayin tudu ya sami tufar kakanninsa, da takobi, da albashi, Sarki kuwa ya sami jininsa.

A 1782 aka soke dokar, amma kafin nan shekara talatin da biyar ta wuce, talakan tudu ya saba da wando, bai kuwa koma ba. Wata masifa ma ta fi wannan damunsa. Shugabannin dangi sun zama masu ƙasa irin na Ingila, sun ga tumaki sun fi talakawa riba, sai suka shiga tashin ƙauyuka. A ƙasar Sutherland, musamman a 1814 da 1819, an kori dubban mutane daga kwaruruwansu, an sa wa gidaje wuta. Waɗansu suka koma bakin teku, waɗansu Glasgow, waɗansu Kanada.

Yadda fada ta karɓe shi

A daidai wannan lokaci ne manyan gari suka fara sha'awar tufar. Sojan tuddai sun yi suna a yaƙin Napoleon, har Waterloo a 1815. A cikin watan Agusta, 1822, Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara. Tun zamanin Charles na Biyu ba wani Sarki mai ci da ya taka Sikotland. Marubucin nan Sir Walter Scott shi ya shirya bikin, ya kuwa cika birnin da kilti, har Sarki da kansa ya fito da nasa, ja, mai tsadar gaske. Attajiran kwari, waɗanda kakanninsu ke raina tufar, suka ruga wurin masaƙa. Daga ranar nan kayan mutanen tuddai suka fara zama alamar Sikotland duka.

A nan ne kuma aka tsara maganar cewa ko wane dangi da irin saƙarsa. A da mutum ya kan sa launin da masaƙin garinsu ya ke da shi, da wanda aljihunsa ya iya. A 1815 wata ƙungiyar manyan tuddai da ke Landan ta roƙi shugabannin dangi su aiko da samfurin saƙarsu, da yawa kuwa ba su san suna da ita ba. Masaƙan gidan Wilson na Bannockburn, waɗanda ke yi wa soja kaya, suka taimaka wajen raɗa wa zannuwa sunayen dangogi. Abin da a yau a ke ɗauka gadon shekara dubu ne, yawancinsa bai wuce shekara ɗari biyu da 'yan kai ba.

Sarauniya Victoria ita ta kammala aikin. Ta fara zuwa Sikotland a 1842, a 1843 ta naɗa Angus MacKay mai busa mata algaitar salka, muƙamin da har yanzu ya ke nan a fada. A 1852 mijinta Yarima Albert ya sayi Balmoral, ya kuma tsara wa gidan sarauta saƙarsu ta kansu, mai ruwan toka. A gidan nan na Balmoral ne Sarauniya Elizabeth ta rasu ran 8 ga watan Satumba, 2022, sojan Sikotland masu kilti kuwa su suka ɗauki akwatin gawarta a Edinbara.

Soja dai ba su daina biyan kuɗin wannan daraja ba. Ran 25 ga watan Oktoba, 1854, a Balaklava, runduna ta 93, wadda asalinta daga Sutherland ɗin nan da aka tasa ne, ta tsaya sahu biyu tak ƙarƙashin Sir Colin Campbell ta tare mahayan Rasha. A Yaƙin Duniya na Farko an shiga ramuka da kilti, cikin taɓo da sanyi da iskar guba mai ƙona fata. A farkon Yaƙi na Biyu aka cire shi daga kayan faɗa, ya zama na fareti da biki. A 2006 aka haɗa sauran rundunonin ƙasa na Sikotland suka zama guda, da saƙa irin ta Black Watch. Ita ce rundunar da Thompson ya fito, sunan Balaklava kuwa yana nan a kan ƙungiyarta mai aikin bukukuwa.

Wanda a ke tsayarwa a bayan Sarki

Fadar Ingila ta daɗe da sanin cewa wanda aka gani a bayan Sarki shi kansa saƙo ne. Sa'ad da Sarauniya Elizabeth ta zo Nijeriya a farkon 1956, har aka yi mata hawan daba a Kaduna, hafsan da aka zaɓa ya zama ikwarinta a tafiyar shi ne Manjo Johnson Aguiyi-Ironsi, wanda ya zama shugaban ƙasa a watan Janairu, 1966, aka kashe shi a watan Yuli na shekarar. A 2017 kuma ta naɗa Manjo Nana Kofi Twumasi-Ankrah, haifaffen Ghana, baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin a fada. Ko wane zaɓi cikin waɗannan yana gaya wa wata al'umma cewa tana da wuri kusa da gadon sarauta. Haka hafsa mai kilti ya ke gaya wa mutanen Sikotland, waɗanda a ƙuri'ar 2014 kashi 45 cikin ɗari nasu suka nemi a raba ƙasa.

Saboda haka wanda ya yaba wa hafsan nan bai yi kuskure ba. Ladabi da haƙuri da iya tsayuwa a gaban manya abin yabo ne ko a ina. Sai dai ya kamata mai yabo ya san abin da ya ke kallo. Tufar ta tsira domin ta shiga aikin wanda ya ci masu ita da yaƙi, ta kuma sami girma a lokacin da a ke tashin ƙauyukan da aka saƙa ta. Harshen Gelik kuwa, a ƙidayar 2011 masu jinsa har su yi magana da shi ba su kai dubu sittin ba, cikin mutum fiye da miliyan biyar. Fada ta iya adana riga, ta yi mata ado da zinariya, amma harshe da ƙauye sai masu su. Wannan abin lura ne ga duk mai nazarin al'adun kowace al'umma da aka taɓa ci da yaƙi: in ya ga kayan kakanni suna ƙyalli a ranar hawa, sai ya tambayi abin da ya sami mutanen da ke sa su a ranar aiki.