Kare zaren kabon daga iskar oksijin

Kare zaren kabon daga iskar oksijin fanni ne na kimiyyar kayan ƙere-ƙere da ke neman hana kabon ƙonewa idan ya yi zafi sosai a cikin iska. Inda babu oksijin, kabon na jure zafin da ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas ba tare da ya narke ba. Amma a cikin iska, daga kimanin digiri 400 zuwa 500 yake fara haɗuwa da oksijin ya zama iskar gas, kamar yadda gawayi ke cinyewa a murhu. Ba ya barin wani ɓawo da zai kare abin da ke ƙarƙashinsa, sai dai ya yi ta raguwa har ƙarfinsa ya tafi.

Hanyoyin kariya

Hanyar da aka fi bi ita ce lulluɓe kayan da silikon kabaid. Idan wannan lulluɓi ya gamu da oksijin a cikin zafi, samansa yana komawa silika, wani siririn gilashi da oksijin ke wahalar ratsawa. Matsalar ita ce kabon da silikon kabaid ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna. Da zarar kayan sun huce bayan gashi, sai lulluɓin ya tsattsage, iska kuma ta sami hanyar shiga. Shi ya sa ake ƙara abin da zai narke ya toshe tsagar, kamar gilashin boron, wanda ke narkewa a wajen digiri 450, ko da yake danshi na lalata shi. A birkin jiragen sama kuwa, ana shafa sinadaran fosfet a gefunan faifan birkin da ba sa gogayya.

Kumbon Amurka

Fitaccen misali shi ne kumbon hukumar NASA mai zuwa sararin samaniya ya dawo, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011. Hancinsa da bakin fukafukansa, inda zafi ke wuce digiri 1,260 lokacin dawowa duniya, an yi su ne da zaren kabon da aka daskarar a cikin kabon. Kowane fiffike na da allo 22 na irin wannan.

Ana gasa allunan a cikin garin alumina da silikon da silikon kabaid har samansu ya rikiɗe ya zama silikon kabaid. Daga nan a jiƙa su da wani ruwan sinadari mai barin silika a cikin tsagogin, sannan a shafe su da sodiyom siliket. Duk da haka kowace tafiya na cin wani abu daga kabon, don haka akan duba allunan a sake shafa musu abin toshewa. A shekarun 1990 an ga ƙananan huji a jikinsu, aka kuma gano cewa sinadarin zinki ne daga fentin dandamalin harba kumbon ke zuba a kansu yana raunana gilashin.

Ranar 16 ga Janairun 2003, wani guntun soso ya ɓalle daga tankin man kumbon Columbia ya bugi allo na 8 a fiffiken hagu. Da kumbon ke dawowa ranar 1 ga Fabrairu, iska mai tsananin zafi ta shiga ta ramin ta narkar da cikin fiffiken, kumbon ya tarwatse a sararin jihar Texas, 'yan sama jannati bakwai suka rasu. Kwamitin bincike ya ɗora alhakin hatsarin a kan bugun soson, ya kuma nemi a riƙa binciken cikin allunan da na'urori, domin oksijin na iya cin kabon a ƙarƙashin lulluɓin da ido ke ganinsa lafiya lau.

Zafi sama da digiri 1,700

A wannan mataki silika ba ta iya kariya, musamman inda iska ta yi ƙaranci, domin silikon kabaid ɗin kansa na komawa gas. Don haka masu bincike suka karkata ga sinadaran hafniyom da zakoniyom, waɗanda ke jure zafin da ya fi haka, sai dai suna da nauyi da tsada.