Tsani ko Mazauni? Tarihin Ficewar Malamai Daga Aikin Koyarwa a Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Birnin Yola malami ne ya kafa shi. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya mayar da wannan wuri hedkwatar Fombina a shekarar 1841, kuma kalmar "modibbo" a Fulfulde malami take nufi. Ƙasar ma baki ɗaya da sunansa ake kiranta. Saboda haka abin dubawa ne a ce a irin wannan gari koyarwa ta zama aikin da matashi ke riƙewa kafin ya sami wani. Wannan maƙala za ta bi sawun al'amarin tun daga zuwan Turawa, domin a ga cewa ficewar malamai ta girmi matsin tattalin arzikin da aka saba ɗora wa laifi, kuma tana da alaƙa da yadda aka gina aikin da kuma aljihun da albashi ke fitowa.

2.0 Daga Zaure Zuwa Midil

A tsarin da Turawa suka tarar, modibbo ba ya da albashi. Yana rayuwa ne da noma da sadaka da zakka da hidimar almajiransa. Amma akwai wani abu da ya kamata a riƙe: idan Lamiɗo ya naɗa shi alƙali ko liman, zaurensa ba ya rufewa. Ya dawo daga shari'a ya zauna kan buzu ya ci gaba da ba da karatu. Ɗaukakarsa tana ƙara masa ɗalibai ne.

Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice. Ilimin boko ya shigo lardin ta ƙofa biyu. 'Yan mishan na ƙasar Denmak sun sauka Numan a 1913, wasu daga Amurka suka zauna Garkiɗa a 1923, sa'annan gwamnati ta buɗe makarantar lardi a Yola a 1920, wadda ta zama Midil, ta zama sakandaren lardi, daga baya aka sa mata sunan Janar Murtala Muhammed. A 1922 Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malaman da za su koyar a irin waɗannan makarantu.

Tun a wannan mataki aka fara ɓarakar. Masu ilimin boko kaɗan ne, En'e kuwa tana bukatar ma'aji da akawu da malamin hakimi, don haka duk wanda ya nuna hazaƙa a aji sai a ɗauke shi. Tarihin Muhammadu Ribaɗu ya isa misali. Ya yi karatu a Midil ta Yola, ya koyar a cikinta, aka mai da shi baitulmalin En'e ta Adamawa, ya zama hakimin Balala a 1936, ya kuma rasu a 1965 yana Ministan Tsaro na tarayya. Haka abin yake a sauran larduna: Ahmadu Bello ya bar Midil ta Sakkwato a 1934 ya zama hakimin Raba, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bar ta Bauci, Malam Aminu Kano kuwa, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya ajiye alli a Maru a 1950 ya shiga siyasa. Ana yawan kawo waɗannan sunaye don nuna darajar malami a da. Gaskiya ne malamin En'e yana da kwarjini, albashinsa na zuwa a kan kari, yana da keke a lokacin da keke dukiya ne. Sai dai sunayen suna nuna wani abu kuma, wato an san su ne bayan sun bar aji. Waɗanda suka tsufa da alli a hannu, sai ɗalibansu kaɗai ke tuna su.

3.0 Shekarar 1976

Abubuwa biyu suka haɗu wa Yola a wannan shekara. A watan Fabrairu aka ƙirƙiri Jihar Gongola, Yola ta zama babban birninta. Jimeta, wadda ta taso a matsayin tashar jiragen ruwa da kamfanonin Turawa a bakin Binuwai, ta cika da ma'aikatu da hukumomi da rassan bankuna, kuma kowane ofis yana neman wanda ya iya rubuta wasiƙa da haɗa lissafi. Babu rumbun da ya kai makarantu tara irin waɗannan mutane. Ga kuma ƙananan hukumomi da aka yi wa sabon tsari a shekarar, ga siyasar 1979 tana tafe, wadda ita ma ta kwashi nata rabon.

A watan Satumba kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. An dai yi shiri: an kafa babbar kwalejin horon malamai ta tarayya a Yola a 1974, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya, an yawaita makarantun horon malamai masu daraja ta biyu, an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Amma bukata ta rinjayi shirin. Aka riƙa ɗaukar waɗanda suka gama firamare kawai, a ba su horon gaggawa a tura su aji. Ƙwararru suna fita ta sama, sababbin hannu suna shigowa ta ƙasa. Daga nan mutane suka fara kallon koyarwa a matsayin aikin da kowa zai iya, kuma aikin da kowa zai iya ba a cika tsoron rasa mai yin sa ba.

4.0 Wa Zai Biya Malami?

Nan ne zuciyar al'amarin. A shekarun farko na UPE gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyin firamare da kuɗin man fetur. Da aka shiga Jamhuriya ta Biyu sai ta janye, nauyin ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomi, farashin mai kuma ya faɗi. A jihohi da dama malamai suka riƙa yin watanni ba albashi. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, ya cinye ɗan abin da ya saura. A wannan zamani ne ficewa ta canja kama. Da ana jan malami ne zuwa muƙami. Yanzu yunwa ke tura shi gona ko kasuwar Jimeta, ko kuwa ya raba ƙafa, sunansa na cikin rajistar makaranta shi yana rumfa.

Gyaran da ya fi tasiri a hannun ɗan wannan ƙasa ya zo. Farfesa Jibril Aminu, mutumin Song, shi ne Ministan Ilimi lokacin da Doka ta 31 ta 1988 ta kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa da asusu na musamman wanda ake biyan malamai daga cikinsa. Dabarar mai sauƙi ce: a keɓe kuɗin malami tun daga tushe kafin ya bi ta hannun mai wata bukata. Albashi ya daidaita. Amma a 1991, shekarar da aka raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba, Doka ta 3 ta rushe hukumar ta miƙa firamare ga ƙananan hukumomi. Bashin albashi ya dawo, yajin aiki ya biyo baya, har gwamnati ta maido da hukumar da Doka ta 96 ta 1993. Cikin shekara biyar an gwada tsari uku a kan mutum ɗaya, kuma sakamakon bai ɓuya ba. Malami yana iya jure ƙaramin albashi idan ya san ranar zuwansa, domin mai shago zai ba shi bashin hatsi. Wanda bai san ranar ba, ko mai gidan haya ba ya maraba da shi.

5.0 Bayan 1999

An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Tallafin tarayya a ƙarƙashinsa ya fi karkata ga gini da kayan aiki, albashin malamin firamare kuwa ya ci gaba da fitowa daga kason ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A 2008, bayan dogon yajin aiki, gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari ga ƙwararrun malamai, amma aiwatarwa ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Sai ga rikicin Boko Haram. Da Mubi ta faɗa hannunsu a watan Oktoba na 2014, jama'ar arewacin jihar suka kwararo Yola da Jimeta, cikinsu har da malamai. Ƙungiyoyin agaji da suka biyo baya suna neman masu ilimi da suka ji harsunan yankin, suna kuma biyan abin da makaranta ba ta iya biya. Tun 2023 ma Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya na wasu darussa, kamar lissafi da kimiyya, hanyar samun shaidar koyarwa a can.

Matakin da ya zama doka a 2022 shi ne ƙara shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Wannan yana riƙe dattijon da dama ba ya da niyyar tafiya. Wanda ake asara shi ne matashin da ya fito Kwalejin Ilimi ta Yola da shaidar NCE, ya yi shekara uku ko huɗu a aji, ya fara gwanancewa, sa'annan ya lissafa ya ga takardar ƙarin girma takan zo ba tare da kuɗinta ba, kuma hanyar ɗaukaka ita ce ya zama hedimasta ko sufeto ko jami'i a hedkwata, wato ya bar allo. Riƙe irin wannan sai da matakan girma da malami zai hau yana cikin aji, kamar yadda modibbo ke ɗaukaka a zaurensa, da gida ga wanda aka tura ƙauyen Fufore ko Girei, da albashin da aka killace irin na 1988.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙungiyar malamai ta ƙasa ta daɗe tana neman a cire albashin firamare daga hannun ƙananan hukumomi, kuma hujjar da take kafawa da ita ita ce abin da ya faru tsakanin 1991 da 1993.