Diyyar dabbobin da hukuma ta kashe don daƙile annoba

Diyyar dabbobi ita ce kuɗin da gwamnati ke biyan mai doki, jaki, shanu ko kaji idan likitocin dabbobi suka ba da umarnin a kashe su don hana cuta yaɗuwa. Hikimarta a fili take: wanda ya san zai tashi a tutar babu yakan ɓoye dabbarsa marar lafiya, ko ya garzaya da ita kasuwa, cutar kuma ta bi sawunta zuwa wani gari.

Abin da doka ta tanada

A Najeriya, Dokar Kula da Cututtukan Dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta wajabta wa mai dabba ya sanar da hukuma da zarar ya yi zargin cuta mai yaɗuwa. Ta kuma bai wa jami'an lafiyar dabbobi ikon killace wuri, hana zirga-zirga da kashe dabbar da ta kamu. Tabbatar da cutar yakan rataya ne a kan gwaji, musamman a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Bisa ƙa'ida, ana biyan diyya ne kan dabbar da hukuma ta kashe, ban da wadda ta mutu kafin jami'ai su iso.

Cututtukan dawaki

Ba kowace cuta ce ke kai ga kisa ba. Cutar dawakin Afirka ƙananan ƙwari masu cizo ne ke yaɗa ta, don haka rigakafi da killacewa suka fi amfani. Murar dawaki, wadda ta yi wa jakuna ɓarna a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar tsakanin 2018 da 2019, ita ma killacewa da jinya take buƙata. Cutar gilanda kuwa, mai haddasa majina da gyambo, tana kama ɗan Adam, kuma babu allurar rigakafinta. Ingila ta kawar da ita a 1928 ta hanyar gwaji, kisa da biyan diyya.

Darasin Jihar Kaduna

Misali mafi kusa ya zo ne daga kiwon kaji. A watan Fabrairu na 2006, lokacin da Ahmed Mohammed Makarfi ke gwamnan jihar, aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a gonar Sambawa da ke Jaji, a Ƙaramar Hukumar Igabi. Shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a kajin Afirka. Gwamnatin Tarayya ta yanke Naira 250 a kan kowace kaza. Masu kiwo suka koka cewa kuɗin bai kai farashin kasuwa ba. Bankin Duniya ya ba da rancen Dala miliyan 50, daga bisani kuma aka sake duba farashin.

Muhimmancinta ga ƙasar Zazzau

A Furana da sauran garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan, doki da jaki jari ne. An daɗe ana amfani da doki wajen juya injin matse rake don yin mazarƙwaila, jaki na dakon amfanin gona, sannan ga dawakin hawan Sallah. Kimanta su ya fi na kaji wuya, domin dokin hawa da dokin aiki ba farashinsu ɗaya ba, kuma galibin cinikin da baki ake ƙulla shi a gaban dillali.

Saboda haka, ya kamata mai doki ya adana shaidar saye da ta rigakafi, ya kai rahoto ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma da wuri, kuma ya nemi a rubuta ƙimar dabbar a gabansa kafin a kashe ta.