Shekarun Da Harsashi Ya Yi Wuya A Amurka

Na san da ganin kan wannan magana wata za ta taɓe baki ta ce, mu da muke fama da kuɗin cefane ina ruwanmu da harsashi, balle kuma na Amurka? Gaskiyarki 'yar uwa, amma ki yi haƙuri ki ɗan ba ni aron hankalinki. Abin da zan ba ki tarihin kasuwa ne, kuma duk macen da ta taɓa bin layin kananzir, ko ta aiki yaro sayen sukari ana jibi azumi ya dawo ya ce an ƙara kuɗi, to za ta gane mutanen da ke cikin labarin nan tun kafin in gama.

Da farko ya kamata ki san cewa a Amurka doka ta ba mutum damar mallakar bindiga, tun gyara na 2 da suka yi wa tsarin mulkinsu a shekarar 1791. Saboda haka harsashi a can haja ne kamar kowace haja, a kwali ake sayar da shi, a jere cikin kantuna. Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai mafarauta, akwai manoma masu korar dabbobin da ke yi musu ɓarna, akwai masu wasan harbi, akwai 'yan sanda da dole su riƙa gwada hannu, sannan akwai masu ajiyewa a gida don tsaro.

Shi harsashi abu 4 ake haɗawa a yi shi: kwanson tagulla, da albarushi, da ƙwayar dalma, da wani ɗan mitsitsin maƙyasti da ke gindinsa wanda shi ne ke tayar da wuta. Idan ɗaya ya yanke sauran sun zama aikin banza, kamar dai uwargidan da ke da gari da ruwa da itace amma babu ashana a gidan. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙarancin farko ya faro ne a hankali. Amurka ta shiga yaƙin Afganistan a 2001, ta shiga na Iraƙi a 2003, sojoji suna cin harsashi ba kama hannun yaro. A wannan tsakanin kuma kuɗin tagulla da dalma ya tashi a kasuwar duniya, domin ƙasar Sin tana ta gine-gine tana kwashe ƙarafa. Zuwa 2007 har 'yan sandan wasu garuruwa sai su yi oda su zauna jiran watanni. Ana cikin haka sai Barack Obama ya ci zaɓe ranar 4 ga Nuwamba 2008, nan da nan magana ta bazu cewa da ya hau zai hana sayar da bindiga da harsashi. Jama'a suka yi ca a kan kantuna. Wanda ya saba sayen kwali 1 ya koma sayen katan, shekarar 2009 ta zo ta tarar da kantuna wayam. Abin mamaki, Obama ya gama shekaru 4 na farko bai yi waccan doka ba. Tsoron abin da bai faru ba shi ne ya share kantunan.

Na biyu ya fi na farko muni, kuma mafarinsa abin kuka ne. Ranar 14 ga Disamba 2012 wani saurayi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a garin Newtown, ya harbe yara 20 da manya 6. Duk uwar da ta ji wannan ta san zafinsa. A watan Janairu 2013 Obama ya kai wa majalisa buƙatar a tsaurara dokar bindiga. Iyayen yaran suna cikin makoki, a can waje kuwa rububi ya ɓarke, kowa yana son ya tara kafin a rufe ƙofa.

Wanda ya fi ɓacewa a wannan karo shi ne ɗan ƙaramin harsashin da suke kira .22, mafi araha a cikinsu, wanda ake farautar zomo da kurege da shi. Kafin lokacin, da dala 20 ko kusa da haka za ki sayi ƙunshi mai guda 500. Sai ya zama ko da kuɗinki ba ki ganin sa. Babban kantin nan na Walmart ya sa doka a Janairu 2013 cewa kwali 3 kawai za a sayar wa mutum a rana. To a nan ne 'yan bumburutunsu suka fito. Sun san ranar da motar kaya ke zuwa, tun da asuba suna bakin kanti, wani ma ya taho da matarsa da ƙaninsa kowa ya karɓi nasa ukun. Kafin ma'aikacin da ya tafi aiki ya taso da yamma an kwashe. In dare ya yi sai ya ga kayan nan a intanet an ninka kuɗinsu sau 2 ko sau 3.

A watan Afrilu 2013 majalisar dattawansu ta ƙi amincewa da dokar. Kin ga ke nan dalilin tsoron ya kau, ya kamata kasuwa ta lafa. Ina! Ƙarancin .22 sai da ya ƙara shekaru yana jan ƙafa. Aka kuma ƙirƙiro wata sabuwar magana, wai gwamnati ce ke saye tana ɓoyewa don ta bar talakawa hannu rabbana. Maganar ta yi ƙarfi har sai da ofishin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati ya bincika, ya fitar da rahoto a Janairu 2014 cewa ma'aikatar tsaron cikin gida da ake zargi, sayenta ma raguwa ya yi tun daga 2009.

To ina harsashin yake tafiya, tunda masana'antu suna aiki dare da rana? Bari in yi miki misali da abin da kika sani. A ce unguwa mai gida 100, kowane gida yana sayen mudu 1 na sukari a mako, mai kanti kuma mudu 100 yake kawowa. Kowa yana samu, ba hayaniya. Ran nan sai aka ce sukari zai yanke, kowace mace ta ce a sayo mata mudu 5. Gida 20 kaɗai za su samu, gida 80 su tashi a tutar babu. Su kuma waɗannan 80 ɗin sun gani da idonsu cewa maganar gaskiya ce, don haka mako mai zuwa su ne za su riga kowa zuwa, kuma ba za su tsaya a mudu 5 ba. Sukarin bai ragu ba ko da cokali, wurin zamansa kawai ya canja, ya bar kanti ya koma ƙarƙashin gadon mutane. Haka harsashin ya koma cikin akwatuna da ɗakunan ajiya na gidaje.

Za ki ce me ya hana kamfanoni su gina sababbin masana'antu? Injinan suna da tsadar gaske, kuma kafin a kafa su a horar da ma'aikata an ci lokaci mai tsawo. Masu kamfanin sun san wannan ciniki na tsoro ne, ranar da tsoro ya kau zai faɗi. Haka kuwa aka yi. Da Donald Trump ya ci zaɓe a Nuwamba 2016 hankalin masu bindiga ya kwanta, kowa ya koma cin ajiyarsa, ciniki ya tsaya, aka riƙa sallamar ma'aikata. Kamfanin Remington, wanda aka kafa tun 1816, sai da ya je kotu a Maris 2018 ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Waɗanda suka tara kaya da tsada don su sayar kuwa, kayan ya kwantai a hannunsu. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Na uku shi ne na 2020. Annobar korona ta rufe gari a watan Maris, watan da matan Amurka suka riƙa kokawa a kan takardar banɗaki a kantuna. A watan Mayu aka kashe George Floyd a Minneapolis, zanga-zanga ta game ƙasa, ga kuma zaɓe yana tafe. A wannan shekara hukumar FBI ta yi binciken tantance masu neman bindiga sama da sau miliyan 39, ƙungiyar masu sana'ar kuma ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 8 ne suka sayi bindiga a karo na farko, a cikinsu har da mata da yawa. Ana tsaka da haka Remington ya sake durƙushewa a watan Yuli, masana'antarsa ta yi sanyi na wani lokaci. Kin tuna ɗan maƙyastin nan? Kamfanoni ƙalilan ne ke yin sa a ƙasar, Remington yana cikinsu. Shi ma ya yanke. Harsashin ƙaramar bindiga da aka fi saye ya ninka kuɗinsa kusan sau 3.

A Disamba 2020 shugaban kamfanin Federal, Jason Vanderbrink, ya fito a bidiyo ransa a ɓace, domin ana zarginsu da ɓoye kaya. Lissafi ya yi wa jama'a: idan sababbin masu bindiga miliyan 7 kowa ya sayi kwali 2 kawai, wato guda 100, an tashi da harsashi miliyan 700 da babu wanda ya shirya musu. A Agusta 2021 kuma gwamnati ta sanar da hana shigo da na Rasha, wanda shi ne mai araha. Sai daga 2022 kaya ya fara zama a kantuna, kuɗi ya sauko, ko da yake bai koma yadda yake a 2019 ba.

Yanzu ga tambayar da ta raba kansu. In kaya ya yi wuya, wane farashi ne na adalci? Wasu masanan tattalin arziki suka ce a bar kuɗi ya tashi, domin tsada ce ke hana mutum kwasar abin da ba ya buƙata, in an bar shi da araha 'yan bumburutu ne ke cin ribar. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, tunda mun ga abin da ya faru a bakin Walmart. Wasu kuma suka ce cin ƙazamar riba a kan mutumin da tsoro ya kama zalunci ne, shi ya sa jihohi da yawa suke da dokar hana tsauwala farashi a lokacin bala'i. A jihar Teksas, bayan gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a Maris 2020, hukuma ta tuhumi wani kanti mai suna Cheaper Than Dirt, wato wai ya fi turɓaya araha, da tsauwala kuɗin harsashi, daga ƙarshe ya yarda ya mayar wa masu saye sama da dala 400,000.

Ni a nawa ganin, dole a bambanta mutum biyu. Ɗan kasuwan da ya saro da tsada ya ɗora ribar da ya saba, wannan ba shi da laifi, in bai yi haka ba jarinsa ne zai karye. Amma wanda ya sari kaya da tsohon farashi, da jin ƙishin-ƙishin ya kulle su yana jiran mutane su galabaita, ko wanda ba sana'arsa ba ce ya je ya kwashe rabon jama'a don ya sayar musu, wannan shi ne macuci. Masu kantin da suka riƙe mutuncinsu a waɗancan shekaru su ne waɗanda suka ƙayyade kowa ya ɗauki kaɗan, suka bar kuɗi daidai gwargwado. Wahala ta wuce, masu ciniki kuma ba su manta wanda ya tausaya musu da wanda ya yanka su ba.

Amma 'yar uwa, kada mu ɗora wa 'yan kasuwa laifin duka. A cikin ƙarancin nan guda 3, mai saye da kansa ya fi kowa hura wutar. Uwargida, tanadi abu ne mai kyau, don gobe ake wanke tukunya, sai dai lokacinsa shi ne sa'ad da kaya ke da yawa, kamar yadda iyayenmu ke sayen hatsi da kaka. Wadda ta sayi buhu da kaka ta yi dabara, ba ta tauye kowa ba. Wadda ta ji an ce abu zai yanke ta kwashi kuɗin adashinta ta share kanti, ta saya da tsada, ta hana maƙwabciyarta, ta kuma gaskata ƙaryar da ta tsorata ta.

Saboda haka in kin ji irin wannan magana, tambayi wanda ya kawo ta inda ya samo ta. In abin ba na dole ba ne ki haƙura kwana biyu, domin ɗan bumburutu ba ya rayuwa sai da mai saye. In na dole ne ki sayi daidai buƙatarki. Ke kuma mai 'yar sana'a a cikin gida, mai sayar da manja ko magi ko omo, ranar da kayan suka yanke a gari ya rage sai naki, ki tuna cewa matan da yaransu ke sallama a ƙofarki su ne dai za ki ci gaba da zama da su bayan wahalar ta wuce.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya raba mu da cin haƙƙin juna, amin.