Shehnai: 'Yar Uwar Algaita Da Ta Shiga Tarihin Indiya

Duk wanda ya ji amon shehnai zai tuna da algaitarmu, domin danginsu ɗaya. Shekaru aru-aru ana busa ta a arewacin Indiya, a ƙofar sarakuna, wuraren bauta da gidajen biki, amma ba a ɗaukar mabusanta da wata daraja.

Ustaz Bismillah Khan, Musulmin da ya tashi a birnin Banaras, shi ya fitar da ita kunya, ya kai ta sahun manyan kayan kiɗa. Da Indiya ta samu 'yancin kai a watan Agustan 1947, shi aka gayyata ya busa ta a tsohuwar fadar Lal Kila da ke Delhi. Ya rasu a 2006.

Yau kiɗan na'ura ya mamaye gidajen biki, masu gadon busar kuma sai raguwa suke yi.