Tarihin Kwamfutar Nutso da Iskar Naitiroks

Kwamfutar nutso ƙaramar na'ura ce da masu nutso a teku ke ɗaurawa a wuyan hannu kamar agogo. Aikinta auna zurfi da lokaci, sannan ta lissafa minti nawa suka rage kafin zaman mutum a ƙarƙashin ruwa ya zama haɗari. Abu guda ne ba ta iya ganowa da kanta, wato irin iskar da ke cikin tulun da mutum ya goya. Wannan sai an gaya mata, ko iska ce ta yau da kullum ko kuwa naitiroks, wato iska mai ƙarin oksijin, kuma ɗan wannan saiti yana da tarihin da ya haura shekara ɗari.

Tushen maganar matsi ne. Duk mita 10 da aka nutsa, matsin da ke kan jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar doron ƙasa sau ɗaya. Iskar da ake shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, sauran kuwa kusan duka naitirojin. A cikin zurfi naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka, idan aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Leburorin da suka haƙa harsashin gadar Brooklyn a New York a farkon shekarun 1870 sun ɗanɗana kuɗarsu da ciwon da wannan kumfa ke haddasawa, har babban injiniyan aikin, Washington Roebling, ya nakasa. Sunan da Turawa suka laƙaba wa ciwon yana nufin lanƙwashewa, saboda zafin gaɓoɓi kan sa mutum tafiya a duƙe.

Bafaranshen nan Paul Bert ne ya bayyana dalilin ciwon a littafin da ya wallafa a 1878. A binciken nasa ya kuma gano cewa oksijin ma, idan matsinsa ya yi yawa, guba ne mai jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Tsakanin haɗarin nan biyu masu nutso suke lallaɓawa har yau.

A 1908 John Scott Haldane ya fitar wa rundunar sojan ruwan Birtaniya jadawalin tasowa daki-daki, bayan gwaje-gwaje da awaki a ɗakin matsi. Ya ɗauki jiki tamkar sassa biyar, kowanne da saurin da yake shan naitirojin da sakinsa. Lissafin da kwamfutocin zamani ke yi jikan wannan tunani ne. Sai dai jadawali yana da aibi: yana ɗaukar mutum kamar ya zauna a wuri mafi zurfi tun daga farko har ƙarshe. Hakan ya dace da ma'aikacin da ke tsaye a gindin jirgi. Amma bayan Jacques Cousteau da Émile Gagnan sun ƙera na'urar numfashi ta Aqua-Lung a 1943, masu nutso suka zama masu yawo sama da ƙasa, jadawalin kuma ya riƙa ƙwarar su mintoci masu yawa.

An daɗe ana neman na'urar da za ta bi mutum tana lissafi. Wani kamfanin Italiya mai suna SOS ya fitar da tasa a 1959, mai aiki da 'yar jakar iska da matacin tangaran, ba ruwanta da lantarki. Ta yi kasuwa, ko da yake ba kowa ya yarda da alƙalumanta ba. Sai a 1983 aka ga kwamfuta ta haƙiƙa a hannun jama'a: Orca Edge a Amurka, wadda nauyinta ya sa ake kiranta tubali, da DecoBrain a Suwizalan, wadda ta dogara da lissafin Albert Bühlmann na Zurich. Dukkansu iskar yau da kullum kaɗai suka sani, don haka ba su da wani saitin iska.

Shi naitiroks ta wata hanya ya biyo. Dabararsa ita ce a ƙara oksijin a cikin tulu domin naitirojin ya ragu. Sojoji da masu bincike sun jima suna amfani da irinsa, amma Morgan Wells na hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi a Amurka ne ya tsara shi, littafin nutso na hukumar ya fito da haɗin kashi 32 a 1979, daga baya aka ƙara na kashi 36. A 1985 Dick Rutkowski, bayan ya bar aikin hukumar, ya fara koya wa masu nutson nishaɗi a jihar Florida. Nan fa aka yi ca. Manyan ƙungiyoyin horarwa suka ɗauke shi abin tsoro, har aka yi yunƙurin hana masu koyar da shi shiga baje kolin kayan nutso na 1992. Adawar ba ta yi ƙarko ba. Ƙungiyar horarwa ta NAUI ta amince da shi a shekarar, takwararta PADI kuma ta buɗe nata kwas ɗin a tsakiyar shekarun 1990.

Ribarsa a bayyane take. A jadawalin PADI, mai shaƙar iska zalla yana da minti 56 a zurfin mita 18, mai haɗin kashi 32 kuwa minti 95. Amma kowace riba da farashinta. An saba kayyade matsin oksijin a ma'aunin 1.4, wanda ke nufin haɗin kashi 32 ba ya wuce kusan mita 33, na kashi 36 kuma ya tsaya wajen mita 28. Wanda jijjiga ta kama a ƙarƙashin ruwa yakan saki bututun numfashi daga bakinsa, abin da ke biyo baya kuwa shan ruwa ne.

Daga nan kwamfuta ta samu aiki biyu, lissafin naitirojin da lissafin oksijin, kuma a farkon shekarun 1990 aka fara sayar da waɗanda mutum zai iya shigar musu da kason oksijin da hannunsa. Tare da su wata al'ada ta kafu a shagunan cika tulu. Mai nutso da kansa yake ɗora ma'aunin oksijin a bakin tulun, ya ɗan buɗe iska har lambar ta tsaya, ya rubuta kason da iyakar zurfin a jikin tef ya manna, ya sa hannu a littafin shago, sannan ya shigar da lambar a kwamfutarsa. Tulun naitiroks yakan ɗauki ɗamara mai launin kore da rawaya domin kada a rikita shi da na iska.

Kuskuren saiti iri biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Idan kwamfuta tana kan naitiroks alhali iska ce a tulun, za ta ƙirga naitirojin ƙasa da wanda ya shiga jiki, ta ba mutum mintocin da ba nasa ba. Idan tana kan iska alhali naitiroks ne, lissafin naitirojin zai yi tsauri fiye da buƙata, abin da wasu ke yi da gangan, amma ba za ta yi kuka ba idan aka zarce iyakar zurfin oksijin. Masu ƙira sun gwada magance mantuwa: wasu samfuran sukan koma kashi 21 bayan wani lokaci, wasu kuwa, in ba a sabunta saitin ba, sukan ɗauka oksijin kashi 50 ne naitirojin kuma 79, lissafin da ba ya haɗuwa amma yana tilasta taka-tsantsan ta kowane ɓangare. Su ma kamfanonin sun taɓa tuntuɓe. A 2003 aka janye wani rukunin kwamfutar Aladin Air X Nitrox da aka ƙera a 1995 saboda kuskure a lissafinta na fitar naitirojin daga jiki.

Yau kusan kowace kwamfutar nutso tana karɓar naitiroks, manya kuma suna ɗaukar haɗi da yawa a nutso guda, har da mai iskar hiliyam. Duk da haka, a nutso da tulu na yau da kullum, lambar da take aiki da ita ita ce wadda mai ita ya danna mata kafin ya faɗa ruwa.